Rasuwar Tsoho, Firij ɗin Tsutsa, da Hancin da Ya Kashe Shi

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da wani abu can ƙarƙashinsa da ya fi baƙin ciki zafi, Inna mai wankin farantai ta ɗakin binciken tsutsa tana sanar da 'yan uwa da abokan arziki rasuwar Tsoho, firij ɗin da ke lungun bayan ƙofa. Ya rasu bayan gajeriyar rashin lafiya wadda ba ta isa ta kashe shi ba.

Marigayin mai haƙuri ne. Bai taɓa yin sanyin da ya wuce kima ba, bai taɓa barin zafi ya shiga ba, domin tsutsotsin da ake ajiyewa a kan farantai a cikinsa ba su kai zaren gashi kauri ba, kuma zafi kaɗan ke gamawa da su. Kullum da safe Inna za ta goge masa goshi da tsumma, shi kuma ya amsa da "hummm". Idan aka bar ƙofarsa a buɗe sai ya yi "ƙit, ƙit", kamar dattijon da ke gyaran murya.

A cikinsa Dakta, shugabar ɗakin, take renon aikinta na shekaru. Yadda Inna ta ji ana faɗa tana wanki, tsutsa tana bin ƙamshin da take so, amma idan ƙamshin ya daɗe babu abinci sai ta daina kula shi. Wasu ƙananan abubuwa ne da ake kira RNA suke shiga jijiyar shinshinarta su rage mata ji. Dakta ta yi ta fama har ta samu wani irin tsutsa da ba shi da su, wanda ba ya sabawa da ƙamshi komai daɗewarsa. Don wannan irin aka buɗe ɗakin, don shi kuma aka ɗauki Inna aiki.

Ciwon ajali ya fara da warin ƙonewar waya. Aka kira mai gyaran wuta na ginin. Ya zo da sukundireba a aljihu, bai ko tsuguna ba. Ya jingina da marigayin yana ba ɗalibai labarin ƙwallo, ya yi ta zuba har hancinsa ya saba da warin. Sannan ya shaƙi iska, ya ce ai wari ya tafi, abu ya gyaru da kansa, ya kaɗa kai ya fita. A ɗakin da ake binciken yadda hanci ke sabawa da wari aka yi wannan, jama'a su shaida.

Aka tafi hutun ƙarshen mako. Da aka dawo, Tsoho ya yi shiru, cikinsa kamar tanda.

Ya rasu ya bar Dakta, wadda tsutsotsinta suka tafi tare da shi, da ɗalibai masu jajayen idanu, da farantin tsutsa guda da aka manta a kan tebur, wanda ake ta leƙawa ko akwai mai motsi. Idan babu, za a rufe ɗakin, Inna ta koma gida da marayun jikokinta. Ana ta ce mata ta yi haƙuri, wai komai ana sabawa. Ta ce a rubuta cewa ba ta yafe wa mai gyaran wuta ba, Allah ya isa, kuma kada a gaishe ta a madadinsa.

Za a yi jana'iza gobe da hantsi. Tun ranar rasuwa Inna ta naɗe ƙofar marigayin da salatif, da ruɓaɓɓun farantansa a ciki, ba wanda ya buɗe. Za a tura gawar a baro zuwa shagon mai gyaran wuta, ɗan ɗakin nan na ƙarƙashin bene da ba shi da taga. A can Inna za ta yanke salatif ɗin da hannunta, ta fito, ta ja wa mai gyaran wuta ƙofa, ta bar shi da warin. Masu ta'aziyya su tsaya daga nesa. Shi kuma ya zauna a ciki har sai abin ya gyaru da kansa.