Tsoka a Cikin Hula

A shekarar da tsada ta sa mudun gero sai an yi shawara kafin a auna, ni ne na miƙe a majalisarmu na sanar cewa na daina cin nama. Na ji a rediyo wai masu ilimi sun koma ganye, wake da gyaɗa sun wadatar da jiki. Gaskiya dai nama ya daɗe da yin ƙaura daga tukunyarmu. Amma na dinga yi wa jama'a wa'azin zogale kamar ni na kawo shi duniya.

Ana nan sai matar yayana ta haihu. Ranar suna aka yanka rago, aka soya, aka bi kowa da rabonsa. Ni kuwa Inna ta aiko min da kwaɗon rama, wai kada a ɓata min tsari.

Na ci ramar ina murmushi, yawuna yana tsinkewa. Da hankalin jama'a ya koma kan maroƙi, na zari tsoka ɗaya, na jefa a hula, na kifa a ka.

Aka kira azahar, muka jeru muna alwala. Da na zo shafar kai, na manta shaf, na tuɓe hula. Tsoka ta faɗo tim a gaban liman.

Ya dube ta, ya dube ni. "Malam, wannan zogalen a wace gona ake shuka shi?"

Har yau in na gifta rumfar mahauta a kasuwar Ɗanbatta, sai wani ya ɗaga murya: "Malam, a leda za a zuba ko a hula?"