Gizo-gizon Bayan Kabad

Shekara ashirin ina sayar da tsofaffin kayan katako a Zongo. Da wata Hajiya daga unguwar Tokoin ta tambaya ko kabad ɗina ba ƙwari, dariya na yi.

"Hajiya, kin ga yana? Inda babu yana, babu gizo-gizo."

Na zura hannu bayansa don ta gani. Ashe akwai irin da ba ya saƙa, mai faɗin tafin hannu, lafewa yake a tsagi. Ya shige hannun rigata. Na tuɓe ta a bakin titi ina ihu.

Hajiya ba ta saya ba. Ni dai har gobe cewa nake dabara na yi, ba tsoro ba. Amma kullum na buɗe shago, maƙwabcina tela sai ya leƙo: "Alhaji, yau da riga za a wuni?"