Rasuwar Idon Bindigar Kofur

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da bakin da kunya ta ɗinke, ni Uwaisu na unguwar Woolwich a London nake sanar da 'yan uwa da abokan arziki rasuwar Idon Kofur, wato ɗan ƙarfen saitin nan da ke kan tsohuwar bindigar da ke rataye a falona. Ya rasu ranar Lahadi da la'asar a Barking, yana da shekara tamanin da 'yan kai, a hannun likitan da babu wanda ya kira.

Marigayin haifaffen Ingila ne, amma a dajin Burma ya yi ƙuruciyarsa tare da kakana, Kofur Abdussalami. Da aka gama yaƙi, Turawa suka karɓe bindigarsu suka sallami Kofur da bargo da lambar yabo. Shi kuwa ya kwance abin saitin ya jefa a aljihu, ya ce da wannan idon ya ga abin da ya gani, ba zai bar musu ba. Bayan rasuwarsa, 'yarsa Inna Khadijatu, mahaifiyata, ta ajiye shi shekara arba'in a gwangwanin allura a Zariya. Ranar da zan taho London ta damƙa mini shi, ta ce amana ce. Na nemo bindiga irin ta Kofur a wurin masu tsofaffin kayan soja, wadda aka riga aka toshe har abada, da takardarta ta hukuma, na ɗora shi a kai.

Ba za a ce marigayin kyakkyawa ne ba. Tsatsa ta ci gefensa, ya ɗan karkace hagu, kuma akwai tsaga uku da Kofur ya yi masa da wuƙa, waɗanda bai taɓa gaya wa kowa ma'anarsu ba. Amma mai haƙuri ne. Bai taɓa neman caji ba. In ka ɗaga shi ya ce ƙyas, in ka kwantar da shi ya ce ƙyas, iyakar maganarsa ke nan a duniya.

Ciwon ajali da sallama ya shigo. Yaya Baha'uddeen, wan matata Fauzia, wanda shi ne ya ba ni aurenta, ya sayi tsofaffin bindigogi biyu bara, ya kalli bidiyo huɗu a waya, daga nan ya zama maƙeri. Ya dubi marigayin ya girgiza kai, ya ce da wannan karkataccen abu ko giwa ba za a samu ba. Giwa a Woolwich, da bindigar da ko tari ba ta iya yi. Kafin in ajiye farantin shayi ya zaro sukundireba da wani sabon abin saiti mai ƙyalli, ya ce kyauta ce, mu yi musaya.

A nan ya wajaba in faɗi gaskiya, tunda ba a ƙarya a kan mamaci. Ni da na rubuta wa council, wato hukumar unguwarmu, wasiƙa uku a kan wurin ajiye mota har suka ba ni haƙuri, na tsaya gaban surukina kamar an dasa ni. Kalma ɗaya ta isa, ban faɗe ta ba. Har fitilar waya na haska masa don ya ga notin da kyau, da ya gama na yi godiya. Wannan ne ke ci mini rai fiye da komai.

Ya tafi da marigayin gidansa a Barking don ya gwada shi a bindigarsa ta Rasha. Bai shiga ba, domin ba uwarsu ɗaya ba. Inda mai hankali zai tsaya, nan Yaya ya ɗauko guduma. An ce kalmar marigayin ta ƙarshe ita ce ƙwas. Abin da Japanawa suka kasa a shekara biyu, Yaya ya gama shi kafin magariba. Ya zuba gutsattsarin a shara, da safe motar council ta kwashe, sannan ya aiko mini da saƙon murya yana dariya, wai kada in damu, ai ni na ci riba.

Marigayin ya bar bindiga ɗaya, wadda yanzu take ƙyalli kamar tsohuwa da haƙorin Makka. Ya bar gwangwanin allura, babu komai ciki. Ya bar Inna, wadda kowace Juma'a bayan masallaci take kira ta ce in juya wayar wajen abin saitin ta gaisa da babanta.

Ba za a fita da gawa ba, domin babu gawa. Za a yi zaman makoki ranar Asabar bayan azahar a flat ɗina, kuma ana roƙon masu ta'aziyya su bar kayan aikinsu a gida. Yaya Baha'uddeen zai zo, zai zauna a babbar kujera, ni kuma zan zuba masa shayi da hannu biyu kamar kullum.

Sai dai kafin Asabar akwai Juma'a. Duk wanda Allah ya ba bakin da ni na rasa, ya zo da ƙarfe biyu ya ɗauki wayar Inna.