Wuƙar Perzidan

Allah ya yi wa masu garkar dankalin turawa na Dogon Dutsi gata da ya ba su Alhaji Abdul'aziz, shugaban koperatif, wato ƙungiyarsu ta manoma. Tun da ya je formasiyo, wato horo, a Yamai ya dawo da hula mai baki, ba a ƙara kiran shi da suna ba, sai Perzidan. A bayan ido kuwa, Likitan Ƙasa.

Da ganyen dankali ya fara nannaɗewa yana rawaya, Perzidan ya damƙi ƙasa ya shinshina, ya rufe ido.

"Birus ne, ƙwayar cuta," in ji shi. "Ƙasarku ta kamu. Ku ba ku ji, ni hancina ya yi karatu."

Ya sa aka tara kara aka babbake fangali. Tanar ƙasa ta mutu, taki ya zama toka, ƙasa ta yi tauri kamar daɓe. Cutar kuwa ko gezau.

Abin da ya fi damun shi zaɓen koperatif da ke tafe bayan girbi, kujera kuma ta yi mishi daɗi. Sai ya yanke shawarar ceton jama'a da hannunshi. Ranar yankan iri ya zauna bisa tabarma da wuƙarshi mai kube ja. Ya fara da irin garkarshi, wanda ya shekara yana ciwo, sannan ya bi buhun kowa yana tsagawa, bai wanke ba, bai goge ba.

"Wuƙar shugaba ba ta son ruwa, albarkar sai ta zube."

Zalihatu, wata mai fangali a gefen rijiya, ba ta samu wannan alfarma ba, don ta ci gaba da ban ruwa lokacin da yake jawabi.

"Alhaji, nawa fa?"

"Hajiya, ki yanka da wuƙar albasarki."

Da shuka ta tashi, duk garkar ta murtuke, sai fangalin Zalihatu kore shar. Malamin gona ya zo ya duba, ya ce ƙasa ba ta da laifi, cuta a iri take, wuƙa ke raba ta gida-gida. Perzidan ya gyaɗa kai, ya ce abin da yake faɗa ke nan tun farko.

Ranar zaɓe aka ba Zalihatu kujera. Shi kuma, don kada a ce an yi butulci, aka roƙe shi baɗi ya kai albarkarshi garkar ƙetaren gulbi, wajen waɗanda ke kashe musu kasuwa.

Ya karɓa. Har ya kai wuƙar wasawa.