Sandar Intanet a Benen Yakaka

"Lafiya lau, sai ganinka da farar safiya. Maigidan da ba ya cefane, me aka zo ci?"

Yakaka ke nan, tana gauraya turaren wuta a tsakar gida, ko kallon jikanta Ikrima ba ta yi ba. Shi kuwa ya durƙusa da kwali a hammata. A ciki akwai na'urar da za a ɗaure a kan doguwar sanda, ta kamo intanet ta iska daga shagon Chidiebere a Sabon Gari, ta raba wa 'yan kasuwar Fagge. Duk layin babu bene mai tsawon na Yakaka. Da la'asar Chidiebere zai zo da sandar, in babu wurin kafawa aikin ya koma hannun wani. Shekara uku Ikrima yana yawo da takardu neman aiki, wannan ne aikinsa na farko.

"Amarya, ni da na kawo miki duniya a kwali?"

"Buɗe in gani. Wannan? Farantin da ko tuwo ba zai ɗauka ba?"

"Ɗan hakin da kika raina! Magana yake kamowa tun daga Sabon Gari."

"Ni har daga Maiduguri nake kamowa, ban kuma taɓa hawa sanda ba."

"Ke ai gulma kike kamowa, da haƙoranki uku."

"Huɗu! Kowanne kuma ya girmi uwarka."

"Benen kawai nake so, Yakaka."

"Soja sun koma bariki, kai ne za ka yi mini juyin mulki a bene? Jiya wa ya ba ka izinin hawa?"

Ikrima ya sunkuyar da kai. Jiya ɗoki ya ɗebe shi ya hau yin awo ba tare da shela ba, alhali kowa a Fagge ya san namiji ba ya hawa sama sai an sanar da matan maƙwabta su kintsa. Yana leƙawa sai ga maƙwabciyarsu Hajja Zara, kai ba ɗankwali, tana rina furfura. Ludayin da ta jefo masa har yanzu yana kan kwanon rufi. Ta kuma rantse sandar nan ba za ta tsaya a unguwar ba.

"Wallahi ban ga komai ba."

"Karambanin akuya, gai da kura! Shekara ashirin matar nan tana cewa goyonta na yi, ka tona ta a minti ɗaya." Yakaka ta danne dariya da gefen mayafi. "Wanda bai iya sallama ba, shi zai haɗa duniya? Kowa ya ɗebo da zafi, bakinsa."

"Yakaka, in aikin nan ya kufce mini..." Tsoro yake ji sosai, ita ma ta gani.

"Kuka za ka yi mini? Tir da wannan miji! Tun da hantsin jiya ya wuce na san za ka zo. Na kai wa Zara turare kwalba guda, ta haƙura, in dai bakinka zai yi shiru."

"Na ɗinke shi!"

"Wancan karkataccen katakon da ka taka jiya kuma, kada in sake gani. Shiga zaure ka ɗauko tsanin kakanka."

Ikrima ya ɗago. Shekara tara da rasuwar kakansa Goni, ba ta taɓa yarda wani ya ɗora ƙafa a tsanin nan ba.

"Me kake kallo? Shi ne mijin gaske, kullum sai ya yi shela kafin ya hau. Kai kuwa sai an ara maka baki."

Ta miƙe da ƙyar, ta dafa bango, ta cika ƙirji: "Matan unguwa, a kintsa! Za a hau sama!"

Tattabaru suka tashi. Daga bayan katanga Hajja Zara ta amsa, "Mun ji! A ce ya miƙo mini ludayina!"

Yakaka ta fashe da dariya, ta share ido. "Ka ji ko? Tawa intanet ɗin ko wuta ba ta sha. Hau a hankali, matakin na uku yana motsi."