Alli a Injin Motar Yaya

Na manta abubuwa da yawa a rayuwata, har da sunayen ɗaliban da na koyar bara, amma ba zan taɓa mantawa da ranar da na kashe motar yayana da hannuna ba. A gaban shaidu na yi, kuma shaidun ni na aika aka kira su.

Ni malamin makaranta ne a Sabon Birni, kimiyya nake koyarwa (nan cutar ta samo asali). Yayana Sani ɗan kasuwa ne. Yana da wata tsohuwar Fijo mai shan gas da ya sayo a Nijar, da ita yake jigilar kaya tsakanin Isa da Sabon Birni da Maraɗi. Ita ke ciyar da gidansa, ita ke ciyar da rabin nawa duk watan da albashi ya makara. Shekarar da Allah ya kira shi aikin Hajji, ranar tafiya ya damƙa mini makullin a hannu.

"Ga amana nan," ya ce. "Taimin bel nata ya kai lokaci. Na sawo sabo da famfon ruwa, suna cikin but. Ka kai ma Lamiɗi shi canza kahin in dawo. Ka jiya?"

Na ce na ji. Kuma wallahi na ji ɗin.

Lamiɗi bakanike ne, Bayarabe, amma a nan aka haife shi, Gobirancinsa ya fi nawa. Kowa ya san abin da ke tsakanin Bagobiri da Bayarabe, wasa ne tun na kakanni, kowa na cewa ɗan'uwansa bawansa ne. Dokar wasan guda ce: in an jefe ka, ka rama, a yi dariya a wuce. Wanda ya yi fushi shi ya faɗi.

Sai da Yaya ya yi makonni a can na tuƙa motar zuwa garejin Lamiɗi ina hura hanci. Ya fito daga ƙarƙashin wata bas yana share hannu.

"A'a, bawana ya zo gaisuwa? Duƙa tukuna. Bagobiri da makullin mota! Wa ab ba ka? Ina kab baro jakin?"

Direbobin da ke zaune suka kwashe da dariya. Maimakon in yi dariya in miƙa makulli kamar mai hankali, sai na ji bakina yana cewa, "Aikin ga naku mi na a ciki? Ɗebe roba, maida roba. Ni ka koya ma ɗiyanku yadda inji ka aiki. Za ni canza shi da kaina, gida."

Lamiɗi ya dube ni, ya dubi motar. "Allah shi ba da sa'a, bawana. In ka ƙare ka kira ni in gani."

Da na dawo gida na faka a gindin darbejiya, matata Hadiza ta leƙo ta ga ina fito da kwalaye daga but.

"Malam, ba Lamiɗi anka ce ba?"

"Lamiɗi ya fi ni ƙwaƙwalwa ne?"

"Ban sani ba. Ya dai hi ka sifana."

Na ce ta koma ta ji da tukunyarta. Na aro jak da sifanu, na buɗe waya na samo wani Bature yana yin aikin a garejin da ya fi ajinmu tsabta. Mutumin akwai surutu. Ya yi magana a kan wasu ƙusoshin ƙarfe da ake cusawa a kulle inji kada ya motsa, na tsallake, tunda ba ni da su. Ya yi magana a kan zubar da ruwan lagireto kafin a fara, na tsallake. Can ƙarshe ma ya tsaya yana juya wani abu da dogon sifana yana ta bayani, na ce wannan neman suna ne, na kashe wayar. (Ni ne nake zane yaro in ya tsallake layi ɗaya a karatu.)

Abin da na fahimta shi ne: bel ɗin yana haɗa wasu faya-fayan ƙarfe masu haƙora, ɗaya a sama, ɗaya a ƙasa, kuma dole su zauna daidai inda suke, in ba haka ba abin da ke cikin inji ya yi karo da juna. To wannan ai ƙaramin abu ne ga malami. Na sa hannu a aljihu na ciro alli, na ja layi a kan kowane faifai da jikin injin, fari tas, a miƙe. Na ja baya na kalli aikina, har tausayin Lamiɗi ya kama ni.

Na ɗaga mota, na cire taya, na kwance murafe, na zare tsohon bel. Zuwa azahar na kai ga famfon ruwa. Na kwance notinansa, ya ƙi fita. Na soka sukundireba na banƙara. Ya fito, ruwan lagireto ya biyo shi gaba ɗaya, jan ruwa mai tsatsa, a fuskata, a rigata, a kan injin. Na tofar, na ɗauko tsumma na hau gogewa. Shekara goma sha ina goge allo, hannuna bai san ya ga alli ya ƙyale ba. Layin ƙasa ruwa ya wanke shi. Na saman, wanda ruwa bai ko taɓa ba, ni na bi shi da tsumma na share shi ƙal.

Ban ma lura ba sai da na ɗaura sabon famfo, na zo saka bel, na dafa sifana a kan faifan sama don in gyara tsayuwa, na ji ya yi ƙas ya zabura gefe. Na duba in mayar da shi kan layinsa. Babu layi.

A nan mai hankali zai wanke hannu ya tafi gareji ya duƙa. Tafiyar minti goma ce. Ni kuwa na tsaya na lumshe ido na tuno inda nake jin layin yake, na sake ciro alli na zana sabo, na juya faifan ya hau kansa. Wato na ba kaina jarrabawa, na rubuta amsa, na yi wa kaina maki. Girman kai rawanin tsiya, ranar nan nawa har da kunnuwa biyu.

Na ɗaure komai, na zuba ruwa, na yi wanka, na sa farar riga. Bayan la'asar na aika a kira Lamiɗi, na kuma gaya wa mutanen majalisarmu su zo su ga yadda ilimi ke aiki. Suka zo kuwa, mutanen da in ka kira su sharar masallaci ba ka ganin ko ɗaya.

Lamiɗi ya leƙa injin, ya taɓa bel da yatsa, ya ga farin layi. Fuskarsa ta canza.

"Malam, ka juya inji da hannu? Sau biyu aka juya shi kahin a tada."

Babu wasa a muryarsa, har Malam ya kira ni. Ni kuma na ga dama ta samu, ramuwar da na rasa a gareji ta zo.

"Can garinku da hannu aka juya mota? Mu nan makulli gare mu."

Aka yi dariya, na ji daɗi har cikin raina. Na shiga, na yi bisimilla, na murɗa.

Ƙarar ba ta da yawa. Ƙwas, ƙwas, kamar an jefa tsakuwa cikin injin niƙa, sai shiru. Na sake murɗawa (Allah ya yafe mini, na sake), Lamiɗi ya daka tsawa ya ce in ɗauke hannuna. Babu wanda ya yi dariya. Na so a ce sun yi.

"Bawul sun lanƙwashe," Lamiɗi ya ce a hankali, wato ƙarafan cikin inji sun yi karon da nake gudu. "Sai an ɗebe kan inji an kai Sakkwato. Yaushe Sani ka dawowa?"

Saura kwana tara.

Washegari da shanun huɗar maƙwabcina aka ja motar zuwa gareji, kuma dole wani ya riƙe sitiyari. Ni na riƙe. Muka ratsa gari da hantsi, shanu a gaba, ni a ciki, masu shaguna suna ɗago hannu suna cewa, "Malam, a sauka lahiya." Gilashin ma ya ƙi ɗagawa.

Yaya ya dawo a motar haya, shi da ya bar tasa don a tarbo shi da ita. Gida ya cika da masu barka da sauka. Yana amsa gaisuwa idonsa na zuwa inda ya saba ajiye motar. Da mutane suka ragu na matsa na gaya masa komai, har allin. Ya saurara bai katse ni ba. Ya miƙo mini dabino da hula, tsarabata, sannan ya ce, "Garejin na yay yi maka nisa?"

Na so ya zage ni, bai yi ba. Mako uku ina ganinsa a tasha yana roƙon direbobi wurin da zai sa buhunansa, mutumin da ke rage wa wasu hanya. Kunyar wannan ta fi ta shanun ci mini rai.

Motar ta tashi daga baya, Lamiɗi ya haɗa ta. Bayan wata biyu tafiyar Kano ta kama Yaya. Ya biyo ta ƙofar gidana ya yi mini sallama, ya tambayi iyali, ya ce in yi masa addu'a. Ina tsaye ina kallo ya ja motar ya wuce gareji, ya ajiye ta can ya bar makullin a hannun Lamiɗi. Ƙaninsa uwa ɗaya uba ɗaya addu'a kawai aka bar masa.

Abin da na koya bai da yawa. In abokin wasanka ya zolaye ka, ka rama da baki, in ba ka da amsa ka duƙa ka gaishe shi. Baki ko ya yi kuskure ba ya lanƙwasa bawul.