Tanimu Ba-Birki da Kiret ɗin Ƙwai

Wani mutum ne a nan Samaru, sunansa Tanimu, amma duk unguwa Ba-Birki ake ce masa. Ba wani ne ya raɗa masa ba. Shi ya raɗa wa kansa, har ya sa aka rubuta masa a bayan riga.

In Tanimu ya zauna a teburin Ɗan'azumi mai shayi ya fara labarin tuƙi, shayi sai ya huce a hannun mutane. Ya ce ya taɓa yin atishawa a Zariya, sai a Funtuwa aka yi masa addu'a. Ya ce ya taɓa tsere wa inuwarsa, dole ya faka a Kwanar Ɗangora ya jira ta, ta iso tana haki. Birki kuwa, a cewarsa, kayan ragwaye ne. Motar da ya daɗe yana ja, da aka zo sayar da ita, birkinta yana nan da ledarsa.

Mu dai ba mu taɓa ganinsa a bayan sitiyari ba. Kullum motar tana wajen bakanike.

To, mu muna da ɗan shago jikin teburin mai shayin, inda muke tseren mota ta intanet. Kar ku ce wasan yara ne! Sitiyari na gaske, totur da birki na gaske, ga allo kamar ƙofar gareji. Duk Asabar bayan la'asar direbobi ashirin ke haɗuwa a titi ɗaya, wani yana Maraɗi, wani Kumasi, wani Garwa ta Kamaru, kowa a ɗakinsa, ana jin muryar juna ta lasifika. Kujerar kuwa abokinmu Mujittafa injiniya ne ya haɗa ta. Kujerar tsohuwar mota ya samo a panteka, ya ɗaura mata injinan waifa a ƙasa. In motarka ta hau tsakuwa, kujera ta yi karkarwa. In aka buge ka, ta yi tutsu kamar jakin da rina ta harba.

Ana nan sai Hajiya Tabawa, mai gonar kaji a hanyar Shika, ta fara neman direban da zai riƙa kai mata ƙwai Kano. Aiki ne na rufin asiri: albashi, ɗaki kyauta, ga kaza duk Juma'a. Tanimu kuwa ya daɗe yana zaman kashe wando, har matarsa ta ce in wannan ma ya kuɓuce masa, to ya koma ya ci labari da miya.

Ya tari Hajiya a bakin kasuwa, ya durƙusa har ƙasa.

"Ranki ya daɗe, direba kike nema, ga direba Allah ya kawo."

"Ɗan nan, ƙwai fa nake ɗauka, ba duwatsu ba. Ni kuma ba na gwada mutum da motata."

"Ba sai da motarki ba, Hajiya. Ki zo shagon yaran nan ran Asabar, ki ga yadda zan kunyata ƙasashe. Ni da kike gani, ko kiret ɗin ƙwai aka ɗora min a cinya, in yi tsere in gama, ɗaya ba zai tsage ba."

Hajiya ta dube shi sama da ƙasa. "Kai ka faɗa?"

"Ni na faɗa."

"To gani ya kori ji. Zan zo da kiret ɗin. In ka sauka da ƙwaina lafiya, makulli naka ne."

Baki shi ke yanka wuya, jama'a.

Ran Juma'a Mujittafa ya zaunar da shi zai koya masa ladubban gasar.

"Oga Tanimu, hau ka ɗan gwada tukuna, don kujerar nan tana..."

"Kifi ake koya wa iyo? Kujera ai kujera ce. Faɗi dokokinku in ji."

"To. In ka ga shuɗiyar tuta a allo, wanda ke bayanka ya riga ka da zagaye guda ke nan, sai ka kauce ka ba shi hanya."

"Wannan ba ta shafe ni ba. Wuce."

"Ba a yanke ta cikin ciyawa. Sannan babban ladabin shi ne wannan: in ka bugi mutum ya fita daga titi, ba ka wucewa. Sai ka tsaya ka jira shi ya dawo, ya shige gabanka, ka ba shi haƙuri."

Tanimu ya ajiye kofin shayi. "Sake faɗa."

"Wanda ya bugi wani, shi zai jira shi."

"Ko waye?"

"Ko waye. Mutunci ke nan."

Idon Tanimu ya yi ƙyal. Da Mujittafa ya tashi, sai ya jawo Ɗan'azumi gefe, ya rage murya.

"Mai shayi, duk wanda ya buge ni dole ya tsaya a bayana, ko?"

"Haka na ji."

"To in duk sha taran suka buge ni, wa ke gaba?"

Ɗan'azumi ya juya cokali a kofi. "Kai."

"Ka gani? Yaran nan sun yi boko, amma wayo a tasha ake koyonsa."

Asabar ta zo. Shago ya cika maƙil, har taga an toshe da kawuna. Hajiya Tabawa ta zauna a farar kujera da maficinta. Sai ga Tanimu cikin farar shadda, ta sha guga tana ƙara, ga baƙin gilashi, ga safar hannu. Ya hau kujera kamar matuƙin jirgi. Hajiya da kanta ta ɗora masa kiret a cinya.

"Na safiyar yau ne. A kula."

"Hajiya, ki ɗauka suna cikin kazar."

Ƙuri'a ta sa shi a tsakiyar layi. Jajayen fitilun fara tsere suka mutu a allo. Wuuuum! Motoci suka ɗiba kamar an saki 'yan makaranta. Tanimu ya leƙa madubi, ya hango wata rawayar mota ta manne masa. A miƙaƙƙen titi, ba kwana ba rami, sai Ba-Birki ya tattara ƙarfinsa ya taka birki.

Gwaram!

Kujera ta yi sama da shi. Shi kuma ya yi sama da kiret. Fas! Fas! Fas-fas! Mota ta yi juyin waina ta faɗa cikin tsakuwa, kujera kuwa ta kama karkarwa kamar mai zazzaɓin damina.

"Wayyo! Waye ke girgiza ni? Ku sake ni!"

"Kujerar ce, Oga!" in ji Mujittafa. "Ita nake son gaya maka jiya!"

Sai murya ta fito daga lasifika, ta mai rawayar motar, wani Alhassan daga Kumasi. "Kai, ɗan'uwa, gafara, ban ga ka tsaya ba. Ga ni nan ina jiran ka."

Tanimu ya manta da kwaiduwar da ke bin ƙafarsa. Ya juyo ya kashe wa mai shayi ido. "Ɗaya ke nan!"

Sauran sha takwas ɗin kuwa, da yake babu wanda ya taɓa shi a cikinsu, fiu, fiu, fiu, sun wuce abinsu.

Yanzu fa sai fita daga tsakuwa. Ya nemi ribas, ya kunna waifa. Ya sake nema, ya kunna fitila. Hajiya ta daina fifita.

"Ɗan nan, ba ka san inda ribas yake ba?"

"Hajiya, ni ban taɓa komawa baya ba a rayuwata."

Da ƙyar Mujittafa ya sa masa. Ya hau titi, ya wuce Alhassan yana ɗaga masa hannu kamar gwamna. A kwana ta gaba Alhassan ya zagaye shi sumul, ko fenti bai taɓa ba.

"Kai! Kai! Doka ta ce ka jira ni!"

"Na jira ka ai," in ji Alhassan. "Ba ta ce in raka ka gida ba."

Shago ya ɗauki dariya. Ran Tanimu ya ɓaci. Ya hango fili kore shar a gefen titi, ya ce ai wannan yanke ne irin na bayan tasha. Ya karya sitiyari ya afka. Gidi-gidi-gidi! Kujera tana rawa, ƙwai suna kiɗa. Ya bi ta bayan allunan talla, ya ture tayoyin shinge, ya yi ta bulayi har ya ɓullo kan kwalta. Ashe da'ira ya yi, ya dawo baya da inda ya shiga. Amma da ya ɗaga kai, titi fayau.

"Hajiya, kin ga wani a gabana?"

"Ban gani ba."

"To shi ke nan. Na yanke su duka. Ni ne na ɗaya!"

Bai rufe baki ba sai ga shuɗiyar tuta tana walƙiya a allo. Issufu ne na Maraɗi, wanda ke kan gaba a tseren, ya zagayo ya tarar da shi.

"Kun gani? Har sun fara ɗaga min tuta."

Mujittafa ya dafe kai. "Oga, don Allah kauce! Riga ka ya yi da zagaye guda!"

"Ni? Ni da ko tirela ban taɓa ba hanya ba?"

Issufu ya yi dama, Tanimu ya tare. Ya yi hagu, Tanimu ya tare. Kujera tana lilo, ƙwai suna gangarawa daga wannan cinya zuwa waccan, duk wanda ya kai gefe sai ka ji ɗas a ƙasa.

"Malam, mi na yi maka?" in ji Issufu. "Ka ga tuta hwa. Ba ni hanya in wuce, don girman iyaye."

"In kai namiji ne, buge ni!"

"Wallai ba ni bugunka. Ba hakanan aka koya muna ba."

Nan fa dabara ta watse. Tanimu ya taka birki, Issufu ya taka. Ya sake takawa, Issufu ya sake. Mutumin nan ya rantse ba zai taɓa shi ba. Na biyu ya iso ya tsaya bayan Issufu. Na uku ya bi. Kafin ka ce kwabo, motocin tsere sha tara sun yi layi a bayan Tanimu, suna tafiya sululu kamar masu rakiyar amarya, kowa yana kunna fitila, babu mai son zama marar tarbiyya. Can daga ƙarshen layi aka ji muryar Alhassan.

"Wai ɗazu kai na jira, yanzu ma kai nake jira?"

Tanimu kuwa baki har kunne. Shadda ta koma rawaya daga ƙirji zuwa gwiwa, ƙudaje sun fara zuwa gaisuwa, amma ko a jikinsa.

"Hajiya, ƙirga su! Duk a bayana!"

Hajiya ta ajiye mafici. Ƙasa take kallo.

A haka aka iso layin ƙarshe. Tanimu ya tsallaka, Issufu ya tsallaka a bayansa, sai aka kaɗa tutar gama tsere, mai baƙi da fari. Ta Issufu ce. Tanimu yana da sauran zagaye cur a gabansa. Ina! Ya saki sitiyari ya daka tsalle.

"Na ci! Ba-Birki ya ci ƙasashe!"

Ya manta da kiret. Kiret ya tashi sama, ya yi wa silin sallama, ya juyo ya kife masa a ka kamar malafa. Ragowar ƙwan da suka tsira daga tsakuwa da ciyawa, a nan suka cika. Motarsa kuma, da ba kowa a ciki, ta gangara a hankali ta kafa kai a bango. Ƙum.

Sakamako ya fito a allo. Issufu na ɗaya. Aka bi sunaye har ƙasa, can a gindi ga Tanimu, an rubuta a gabansa: bai gama ba.

"Maguɗi ne!" Ya cire gilashi yana share kwaiduwa daga ido. "Kowa ya gani, ni na fara shiga!"

Sai shugaban alƙalan gasar ya yi gyaran murya a lasifika, wani dattijo mai sanyin magana daga Garwa.

"Malam Tanimu, mun sake kallon bidiyon. Ka taka birki da gangan, ka bi ta ciyawa, ka ƙi bin tuta. Mun dakatar da kai. Amma muna godiya. Mun daɗe muna neman bidiyo ɗaya da zai nuna wa sababbi duk abin da ba a yi, sai yau Allah ya kawo ka."

Tanimu ya juya wajen Hajiya, ɓawon ƙwai a gira.

"Ranki ya daɗe, kin dai ga gudu..."

Hajiya ta miƙe ta gyara mayafi. "Na gani, ɗan nan. Wancan na Maraɗin, da ka yi ta tsokana bai taɓa ka ba, a tambaya min shi ko yana son aiki a Zariya."

"Hajiya, ni fa?"

Sai Ɗan'azumi ya kutso ta cikin mutane, riƙe da kaskon suya.

"Hajiya, in ba kya so ni ina so! Na daɗe ina neman mai fasa min ƙwai da sauri." Ya tara kaskon a ƙarƙashin haɓar Tanimu. "Tsaya, kar ka motsa, Oga. Ɗan sunkuyo. Akwai mai jiran indomi."